Yadda Ake Fahimtar Whakapohane, Zagin da Al'ummar Maori ke Yi da Jiki

A watan Afrilun 1983, lokacin da Yarima Charles da matarsa Diana suka kai ziyara ƙasar Niyu Zilan, wani ɗan gwagwarmaya daga al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, mai suna Te Ringa Mangu Mihaka, wanda aka fi sani da Dun Mihaka, ya tsaya a bakin hanya a birnin Wellington yana jiran ayarinsu. Da motocin suka iso, sai ya juya musu baya, ya buɗe mazaunansa. 'Yan sanda suka kama shi, aka gurfanar da shi gaban kotu bisa tuhumar aikata abin da ke ɓata wa jama'a rai, shi kuwa ya tsaya a kan cewa abin da ya yi al'ada ce ta kakanninsa, mai suna da ƙa'ida da tarihi. Sunanta whakapohane.

Duk wanda ya tashi cikin tarbiyyar kunya, da jin wannan labari zai kau da kai, kuma ba laifi ba ne. Ni ma ban zo in ƙawata abin ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake gaggawar yanke wa mai yin sa hukuncin hauka ko rashin tarbiyya, alhali kuwa magana ce cikakkiya aka faɗa, sai dai da jiki aka faɗe ta, kuma wanda bai san harshen ba ba zai ji abin da aka ce ba. Wannan jagora ce ga ɗan jarida, da ɗalibi, da matafiyi, da duk mai karatun da ya ci karo da labarin yana son ya fahimce shi a kan gaskiyarsa.

Ka fara da kiran abin da sunansa. A harshen Maori haruffan "wh" ana furta su ne kusan kamar "f" a yawancin yankuna, saboda haka kalmar tana fita kamar "fakapohane". Riƙe sunan yana da amfani, domin da zarar ka maye gurbinsa da "tsiraici" ko "iskanci" ka riga ka yanke hukunci tun kafin ka saurari ƙara.

Ka san matsayin kai da matsayin mazaunai

Ba za ka gane zafin wannan zagi ba sai ka san kalmomi uku da rayuwar Maori ta ginu a kansu: mana, da tapu, da noa. Mana ita ce daraja da iko da kwarjinin da mutum ke gada daga kakanni, yake kuma ƙarawa ko ragewa da ayyukansa. Tapu shi ne abin da aka keɓe, mai alfarma, wanda ba a taɓa shi ko a kusance shi yadda aka ga dama. Noa kuwa shi ne abin da babu wannan takunkumi a kansa, abin yau da kullum, kamar dafaffen abinci.

A jikin ɗan Adam, kai ne ya fi ko'ina alfarma a wurinsu. Shi ya sa ba a shafa kan mutum haka kawai, ba a ɗora hula a kan teburin cin abinci, ba a miƙa kwanon abinci ta saman kan wani. Shi ya sa kuma ɗaya daga cikin mafi munin zagin baki a harshensu, upoko kohua, yake nufin a dafa kan mutum a tukunya, wato a ɗauki mafi darajar abin da yake da shi a mayar da shi abinci. Mazaunai kuma suna can ɗaya ƙarshen. Har yau, a gidajen Maori da yawa da wuraren taronsu, zama a kan tebur ko a kan matashin kai babban kuskure ne, saboda ba a haɗa wurin zama da wurin abinci ko wurin ajiye kai.

To, idan ka riƙe wannan, sai ka sake duban abin da Mihaka ya yi. Babban baƙo yana zuwa da fuskarsa da darajarsa, yana sa ran a tarbe shi fuska da fuska, a yi masa jawabi, a haɗa hanci da shi bisa gaisuwar da suke kira hongi. Maimakon haka sai aka juya masa baya, aka sa idonsa, wanda ke cikin kansa mai alfarma, ya faɗa a kan mafi ƙasƙancin sashen jiki. Saƙon shi ne: ban yarda da ikonka a kaina ba, kuma darajar da kake taƙama da ita ba ta kai in ba ka fuskata ba. Wannan ne ya raba whakapohane da irin buɗe jikin da mashaya ke yi don a yi dariya. Ana yin sa ne da ɓacin rai, a bainar jama'a, a gaban shaidu, kuma mai yin sa ya san cewa yana saka tasa darajar a kan sikeli.

Ka tambayi wanda ya yi, da wanda aka yi wa

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace bayar da amsa, kuma labarin da ya fi fito da ita fili labarin wata mace ce. Mihi Kotukutuku Stirling shugaba ce mai babbar nasaba daga kabilun Te Whanau-a-Apanui da Ngati Porou na gabashin Tsibirin Arewa, inda ake yarda mace mai asali ta tashi ta yi jawabi a marae, wato farfajiyar da ke gaban ɗakin taron kabila. A shekarar 1917 ta je Rotorua, ƙasar kabilar Te Arawa, inda al'adar ta bambanta, domin su a wurinsu jawabi a wannan fili na maza ne. Da ta miƙe za ta yi magana, wani dattijon shugaba na Te Arawa, Mita Taupopoki, ya nemi ta zauna.

Ba ta zauna ba. Ta bari ya gama, sannan ta jero salsalarta, kaka bayan kaka, har ta nuna cewa ta fito daga reshen da ya girmi nasa, don haka ba shi da hurumin rufe mata baki. Bayan ta kafa wannan hujja ne ta yi masa whakapohane, tana tuna masa cewa shi kansa, da furfurarsa da sarautarsa, daga jikin mace ya fito duniya.

Ka lura da jerin abubuwan, domin a nan darasin yake. Hujja ce ta zo da farko, ishara ta biyo baya ta rufe ta. Matar da ta yi wannan ba ta rasa kalmomi ba, ba ta kuma rasa daraja ba. Darajar tata ce ma ta ba abin nauyi. Da wani yaro marar asali ne ya yi haka a wannan fili, da an kore shi an manta. Saboda haka idan ka ji an yi whakapohane, bincika matsayin mai yin: wace kabila, wace nasaba, da wane baki yake magana, kuma su wa ke tsaye a bayansa. Ka kuma lura cewa a wannan labari babu Bature ko ɗaya. Al'adar ta girmi rikici da gwamnati, tana aiki a tsakanin Maori su da kansu, a kan gardamar girma da haƙƙin magana.

Kasancewar mace ce ta yi yana da tasa ma'anar. A tunanin Maori mace ita ce whare tangata, ɗakin da ɗan Adam ke fara zama, kuma jikinta yana da ikon ɗage tapu, wato ya mayar da abin da aka keɓe ya zama na kowa. Akwai kuma tsohon labarinsu na jarumi Maui, wanda ya yi yunƙurin kawar da mutuwa daga duniya ta hanyar ratsa jikin Hine-nui-te-po, uwar gijiyar mutuwa, ya kuwa halaka a tsakanin cinyoyinta. Wanda ya tashi da irin waɗannan labarai a kunnensa, idan dattijuwa ta juya masa baya ta ɗaga zane, ya san ba wasa ake yi da shi ba: ana sauke masa kwarjini ne a gaban mutanensa.

Ka nemo ƙorafin da ke ƙasa

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk lokacin da aka yi wannan ishara ga jami'in gwamnati ko ɗan gidan sarautar Ingila, za ka iske tsohon ƙorafi a ƙarƙashinta, kuma galibi ƙorafin ƙasa ne ko na alkawarin da aka karya. Don haka sai ka koma ranar 6 ga Fabrairun 1840, ranar da aka fara sa hannu a kan Yarjejeniyar Waitangi tsakanin shugabannin Maori da William Hobson, wakilin Sarauniya Victoria. Fiye da shugabanni 500 ne suka sa hannu a ƙarshe, mafi yawansu a kan rubutun harshen Maori. Rubutun Turanci ya ce sun miƙa wa Sarauniya cikakken ikon mallakar ƙasa. Rubutun Maori kuwa ya yi amfani da kalmar kawanatanga, wadda ta fi kusa da ikon gudanar da mulki, ya kuma tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakken ikon shugabanninsu a kan filayensu da garuruwansu da dukiyoyinsu. A wannan tazara da ke tsakanin rubutun biyu ne gardamar ƙasar ta yi saiwa har yau.

Wannan ne ke bayyana abin da ke ɗaure wa baƙi kai, wato me ya sa za a zagi yarima da gimbiyar da suka zo ziyarar sada zumunci. A idon mai zanga-zangar, ba baƙi ba ne kawai. Da kakar kakannin yariman, Sarauniya Victoria, aka ƙulla alkawari, da sunan gadon sarautarsu aka karɓe filaye, don haka su ne ɗaya ɓangaren yarjejeniyar a tsaye da ƙafafunsu.

Misalin yankin Waikato ya isa ya nuna maka yadda ake bin sawun ƙorafi. A 1863 sojojin gwamnati suka mamaye yankin, bayan yaƙin kuma aka ƙwace fili kimanin eka miliyan 1.2. A 1881 Sarkin Maori, Tawhiao, ya ajiye makamai, ya kuma hori mutanensa da su bar yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, gwamnati ta nemi samarin Waikato su shiga soja su yi wa Sarkin Ingila yaƙi, sai jikarsa Te Puea Herangi ta jagoranci ƙin amincewa, bisa hujjar wasiyyar kakanta da kuma ƙasar da har lokacin ba a mayar ba. A 1917 aka faɗaɗa dokar ɗaukar soja ta dole ta haɗa da Maori, amma a aikace a kan mutanen Waikato da maƙwabtansu aka ɗora ta, kuma a 1918 'yan sanda suka shiga taronsu a Te Paina suka tafi da samari. Maui Pomare, likita kuma ɗan majalisa, Bamaori ne da ke cikin gwamnati yana goyon bayan shiga soja, kuma da ya je wurinsu a kan wannan batu, whakapohane na cikin abin da aka tarbe shi da shi. Wanda ya ba da labarin wannan tarba bai ambaci eka miliyan 1.2 ba, ya ba da rabin labari ne, kuma rabin da ya fi rashin amfani.

Shi ma Mihaka ba daga sama ya faɗo ba. Tun kafin 1983 ya yi ta fafutukar a bar shi ya yi magana da harshen Maori a gaban alƙali, har shari'ar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a 1980 ta yanke cewa doka ba ta ba shi wannan haƙƙi ba. Shekarun nan ne kuma na dogon tattakin neman filaye na 1975 wanda dattijuwa Whina Cooper ta jagoranta zuwa majalisar dokoki, da zaman dirshan na kwana 506 da mutanen Ngati Whatua suka yi a Bastion Point cikin birnin Auckland, wanda ya ƙare a watan Mayun 1978 da kama mutum 222. A cikin wannan zafi ne ya kamata ka ajiye abin da ya faru a bakin hanyar Wellington.

Kada ka rikita shi da abin da ba zagi ba

A nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe, ta ɓangaren da ba a zata ba: suna ganin zagi a inda ake girmama su. Idan aka shirya wa babban baƙo tarbar gargajiya, wadda ake kira powhiri, wani jarumi zai iya fitowa da sandar yaƙi yana tsalle, yana zare ido, yana zaro harshe, har ya zo gab da baƙon ya ajiye ganye ko wata alama a ƙasa. Wannan shi ne wero, kuma tambaya ce ake yi: da alheri ka zo ko da sharri? Baƙon zai sunkuya ya ɗauki abin da aka ajiye, ba tare da ya kau da idonsa daga jarumin ba, alamar cewa da zaman lafiya ya zo. Ba kowa ake yi wa wannan ba, sai wanda ake ganin girmansa.

Haka nan zare ido, wanda suke kira pukana, da zaro harshe da maza ke yi, duk kayan ado ne na rawar da suke kira "haka", rawar nan da duniya ta sani ta hanyar ƙungiyar wasan zari-ruga ta ƙasar. Ana yin wannan rawa a wurin biki, da makoki, da tarbar baƙi, ana kuma yin ta don nuna fushi, kamar yadda 'yar majalisa Hana-Rawhiti Maipi-Clarke ta yi a zauren majalisa ranar 14 ga Nuwambar 2024, lokacin da ta yaga kwafin ƙudirin dokar da ke neman sake fassara ƙa'idojin Yarjejeniyar Waitangi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka dubi inda fuska ta nufa. Wero da rawar "haka" suna fuskantarka, ko da a cikin fushi, kuma wanda ya fuskance ka ya yarda kai abokin magana ne. Whakapohane kuwa yana janye fuskar gaba ɗaya.

Idan a gabanka aka yi, ko aka ce ka ba da labari

Idan kana wurin, ka natsu. Kada ka yi dariya, domin dariyarka za ta nuna ko dai ka ɗauki abin wasa ne, ko kuma ka shiga faɗan da ba naka ba. Kada ka yi gaggawar ɗaga waya kana ɗaukar hoto, musamman a marae, inda ɗaukar hoto ma a ranar lafiya sai da izini. Ka dubi dattawan wurin ka ga yadda suka karɓi abin, domin shirunsu ko tsawatarwarsu ne zai gaya maka ko mai yin yana da goyon baya ko shi kaɗai ne. Idan hankalinka bai ɗauka ba, ka sunkuyar da kai. Babu wanda zai ga laifinka.

Kada kuma ka kwaikwaya. Wannan ba abin da baƙo zai ara ba ne, domin nauyinsa daga nasaba da ƙorafi yake zuwa, kuma wanda ba shi da ko ɗaya a cikinsu buɗe jiki kawai ya yi. Banda haka, dokar ƙasar ta ƙananan laifuka ta 1981 ta tanadi hukunci a kan aikata abin ɓata rai a bainar jama'a, kuma kiran abu al'ada bai hana 'yan sanda kama Mihaka ba.

Ga mai rubutu, shawarata ita ce jumlar farko ta ɗauki abubuwa huɗu: wanda ya yi da kabilarsa, wanda aka yi wa da muƙaminsa, wurin da aka yi, da ƙorafin da ya jawo. Bayanin sashen jikin da aka buɗe ya zo a taƙaice, da kalma mai ladabi, ba tare da hoto ba idan babu larura. Ka guji cewa "Maori sun yi", domin al'umma ce ta kabilu masu yawa, kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma kowace kabila da nata tsarin, kamar yadda saɓanin Mihi da Taupopoki ya nuna. A cikinsu akwai masu ganin wannan ishara makami ne na halal idan an toshe duk wata ƙofar magana, akwai kuma masu ganin yin ta ga baƙo ya saɓa wa manaakitanga, wato wajibin karrama wanda ya sauka a ƙasarka, wanda shi ma babban ginshiƙi ne a al'adarsu. Ka ba kowane ɓangare bakinsa. Kada kuma ka sa mai karatu ya zaci abu ne da ake yi kullum. Ƙarancinsa ne ya sa ake tuna waɗanda suka yi shi da sunayensu bayan shekara ɗari.

Abu na ƙarshe da za ka yi shi ne bin labarin zuwa gaba, ka ga abin da ya faru da ƙorafin, domin a nan ake gane ko mai zagin yana da gaskiya a ainihin maganarsa, ko da hanyar da ya bi ba ta yi maka ba. A 1985 aka ba Kotun Waitangi, wadda aka kafa a 1975 don binciken ƙorafin saɓa wa yarjejeniyar, ikon sauraron ƙorafe-ƙorafe har zuwa 1840. A 1987 aka yi dokar da ta mayar da harshen Maori harshen hukuma, ta kuma ba da damar magana da shi a kotu, abin da aka hana Mihaka shekara bakwai kafin nan. A watan Nuwambar 1995 kuma, Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tana Wellington, ta sa hannu da kanta a kan dokar da ta ƙunshi neman gafarar gwamnati ga mutanen Waikato-Tainui saboda mamayar 1863 da ƙwace musu ƙasa, tare da diyyar fili da kuɗi da ta kai dalar Niyu Zilan miliyan 170.